Baba Gide, Wanda Ba Shi da Abin Rantsuwa

A 'yar unguwarmu da ke gaba da Tafoki, kowa yana da inda yake kai kukansa in ban da Baba Gide. Mu muna da masallaci. Danginsa Maguzawa wasu sun musulunta, wasu sun bi ƙanensa zuwa coci, 'yan tsirarun da suka rage kuma suna yanka zakara a gindin tsamiya. Shi ko ba ya ko ɗaya. An ce tun ranar da aka zubar da jinin jan zakara don ɗansa na fari, yaron kuma ya cika kafin a gama fige zakaran, ya karkaɗe rigarsa ya bar gindin tsamiya, bai kuma nemi wani wurin ba. In aka kawo masa zancen Allah sai ya ce, "Ni dai ban gan shi ba. Ku da kuka gani, ku riƙe da kyau."

Ni Safara'u, dangar kara ce kawai tsakanin gidanmu da nasa, don haka na san shi ciki da bai. Kada wani ya ɗauka waliyyi zan zana. Dogo ne siriri, mai saurin fushi, mai rowar taba, gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu. Akuyarmu ta taɓa cin wakensa, sai da unguwa duka ta san sunan kakar akuyar. Amma shi da mahaifina, Malam Sha'ibu, tun suna yara suke gayya tare.

Da 'yan bindiga suka matsa mana, muka ɗaure kaya za mu Faskari. Abin da ya tsaya wa Babana a rai ba gida ba ne, iri ne. Muna da wata dawa da muke kira 'yar Dada, don kakar Babana, Dada, ita ta zo da ita a bakin zane lokacin aurenta. Fara ce tas, tana jure ƙarancin ruwa, tuwonta kuma ko ya kwana ba ya saki. Ba a samun ta a kasuwa. Duk kaka Baba yake zaɓar manyan zangarniya ya ɗaure dami guda, kuma a gidanmu ko yunwa za ta kashe mu ba a taɓa damin iri. To ga shi motar da za ta kwashe mu ta cika da mutane, a gari kuma ɗaki guda aka ara mana, ba rumbu, ba gona.

Baba Gide ya ce shi ba inda za shi. Sai Babana ya ɗauki damin ya kai masa.

Kawu Ubale, ƙanen mahaifiyata, ya biyo shi yana huci. "Malam, wanga mutum za ka ba amana? To ya rantse mana."

"Da mi?" in ji Baba Gide.

Alƙur'ani ba nasa ba ne, littafin coci ba nasa ba ne, aradun da kakanninsa ke rantsuwa da ita ma ya bar ta tuntuni. Ya karɓi damin ya ce, "Na ce zan ajiye. Ku tahi, rana na yi."

Zaman Faskari bai karɓi Babana ba. Mutumin da ya saba da fartanya ya koma zaman bakin titi yana kallon babura. Da hadari ya haɗu sai ya kasa zama, ya fita tsakar gida, ya dawo, ya sake fita yana shinshinar iska. Kawu Ubale kuma bai bar shi ya huta ba. Kullum maganarsa guda ce: wanda bai tsoron wuta, bai kwaɗayin aljanna, me zai hana shi daka irin nan ya sha kunu ranar da yunwa ta ƙwanƙwasa masa ƙofa? Wa zai gan shi, wa zai tambaye shi? Haushin Kawu nake ji ƙwarai, amma na kasa ba shi amsa, wannan ya fi komai ci mini rai. Ni kaina na san sau da yawa tsoron Allah ne kaɗai ya riƙe mini hannu.

Damina biyu suka wuce a haka, ba labari, don wajen ko waya ba ta shiga. Da hanya ta ɗan lafa, cikin kaka, Baba ya ce ko za a kashe shi sai ya je. Na bi shi, Kawu ma ya bi mu, ina jin don ya ga ƙarshen gardamarsa.

Gidanmu ya zama kufai. Rumbun Baba Gide kuwa an fasa masa ciki, ko ƙwaya babu.

"Ban faɗa ba?" in ji Kawu. "Zai ce ɓarayi ne."

Sai ga Baba Gide ya ɓullo ta bayan gida. Da ƙyar na gane shi, ya rame wuyansa kamar na zabo. Bai yi mana sannu da zuwa ba. Ya ce, "Kun daɗe," ya juya, muka bi shi.

Hanyar ta ratsa ta gonarsa. Sabara da ciyawa sun cinye ta, da gani ba a sa mata fartanya ba tun tafiyarmu. Muka wuce zuwa tamu, can bayan dutse. Nan Babana ya tsaya cak. 'Yar Dada ce tsaye ta fi mutum tsawo, kawunanta sun sunkuya don nauyi.

"Iri ba ya zama a rumbu, ka hi ni sani," in ji Baba Gide. "In ƙwari ba su ci ba, mutanen daji su kwashe. Shi ya sa na zuba shi ƙasa. Bara na girbe, suka zo suka kwashe, sai abin da na binne a tukunya. Bana na sake."

"Taka gonar fa, Gide?" in ji Babana.

"Ƙarhin gona guda ya rage mini."

"Me kake ci?"

"Rogo. Ganyen tafasa. Abin da ya samu."

Kawu Ubale ya yi ta murza hularsa a hannu. Can ya ce, "Baba Gide, don Allah ka gaya mini, tsoron wa ka ji?"

"Tsoro kuma? Sha'ibu ya ba ni, na ce zan ajiye."

Har yau maganar nan ba ta bar ni na sake ba. Ina salla, ina azumi, na kuma yi imani za a tashe mu a yi hisabi. Kawu yanzu cewa yake Allah ne ya sa tausayi a zuciyar Baba Gide ko da shi bai sani ba, wataƙila kuma haka ne. Ni dai abin da idona ya gani, tsoho ne da yunwa a cikinsa, dawa ta nuna a gabansa, ba mai ganinsa a zatonsa, bai karya zangarniya guda ba.

Ranar Babana ya kama kan dawa guda ya riƙe, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Allah ya saka maka da alheri, Gide."

Baba Gide ya ɗaga kafaɗa. "Kai da kake magana da shi, kai ka sani. Ka zo da lauje? Tsuntsaye na ta ci."