Jan Karenmu da Ciwon Suga

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gonar gyaɗa a bayan garin Zoza, da 'yan awaki, da wani jan kare mai yankakken kunne. Karen ba ya shiga cikin gida. Wurin kwanansa gindin ɗorawa ne a bakin garke, aikinsa kuwa korar birai daga gona. Ban taɓa mayar da hankali a kansa ba sai da ya fara ciwo.

Da damina abin ya soma. Kaskon ruwan da nake cika masa da safe sai in tarar ya ƙafe kafin hantsi. Ga ci ba ƙoshi, amma ƙafafunsa sai ramewa suke, cikin kuma ya saki ya yi tulu. Gashin haƙarƙarinsa ya zube ta kowane gefe. Na zaci tsutsar ciki ce, na ba shi magani, shiru.

Inna, mahaifiyata, ta daɗe da ciwon suga, ita ke yi wa kanta allura. Wata safiya ta fito duba awaki, sai na ga ta tsaya tana kallon inda karen ya yi fitsari. Kiyashi sun yi baƙi ƙirin a wurin.

"Zo ka gani," ta ce. "Irin ciwona ne ya kama shi."

"Haba Inna, kare ma yana yin suga?"

"To, ba jini ne a jikinsa ba?"

Na sa shi a babban kwando, na ɗaure a bayan babur, muka tafi Karaye wajen likitan dabbobi. Ya ɗebi jini ya aika Kano. Da na koma, ya ce cuta biyu ce. Akwai wata 'yar tsoka a saman ƙoda da ke zubo wani sinadari cikin jini, tasa tana zubo shi fiye da kima. Shi ya zubar da gashin, ya kumbura cikin, daga baya ya jawo sugan.

"Ba zai warke ba, Malam," in ji likita. "Amma da allura safe da yamma, da ƙwayar magani, zai samu sauƙi. In ka san ba za ka iya ba, gara ka faɗa mini tun yanzu."

Na ce zan gwada.

Ba mu da firji, don haka kwalbar allurarsa ta shiga inda ta Inna take, cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da aka binne a jiƙaƙƙen yashi kusa da randa. Inna ta ɗaura wa tasa jan zare don kada a yi kuskure. Ita ta nuna mini yadda ake tattaro fatar wuya a soka. Ranar farko da na soka masa, ko motsi bai yi ba. Na ware wata tsohuwar riga don wannan aikin, in na gama in wanke hannu tas kafin alwala. Muka daina ba shi ƙanzo da ragowar tuwo, sai dafaffen wake da ɗan busasshen kifi.

Kawuna, ƙanin Inna, ya zo daga Falgore ya tarar da ni a tsugune da sirinji.

"Ikon Allah! Yaya, kina kallo yana tsira wa kare allura?"

"Gyaɗar da nake ƙulla maka duk kaka, wa kake tsammani ya hana birai cinye ta?" in ji Inna.

Kawu ya yi dariya, ya ce ai shi bai ce komai ba.

Sau ɗaya muka tsorata. Na yi masa allura ban lura bai ci abincinsa ba. Can sai ya tashi yana tangaɗi, ya faɗi, jikinsa na ɓari. Inna ta ɗauko zumar da take ajiyewa don kanta, ta ce in shafa masa a dasashi. Muka zauna muna kallonsa, har ya ɗago kai ya lashi baki. Tun daga ranar sai na ga kwano wayam nake ɗauko allura.

A hankali gashi ya fara tsirowa, mai laushi, bai kai na da ja ba. Shan ruwan ya ragu. Sai dai idanunsa suka yi fari, har ya daina gani. Duk da haka in na saɓa fartanya zai biyo ƙarar takalmina har gona, ya kwanta a kan iyaka. In iska ta kawo masa warin birai sai ya miƙe ya yi ta haushi, wani lokaci ma ya ba su baya yana yi. Su dai ba su sani ba, gudu suke.

Ya ga kaka biyu a haka. A ta uku, muna tsakiyar cirar gyaɗa, ya ƙi cin abinci da safe, ya ƙi tashi. Na kira likita a waya, ya ce in bar shi ya huta, in ajiye masa ruwa kusa. Bayan azahar Inna ta leƙa, ta dawo ta ce, "Ya tafi."

Na haƙa rami mai zurfi a gefen gona na rufe shi. Na ɗan zauna a wurin, ban san me nake jira ba. Da la'asar na koma wajen gyaɗar da muka shanya, don hadari na haɗowa ta gabas.