Takama Labo, Mai Sanarwar Rasuwa a Rediyon Ƙonni

An haifi Malam Takama a shekarar 1949 a garin Tsarnawa. Mahaifinsa Labo manomi ne, sunan mahaifiyarsa Saratu.

Karatu da Aure

Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Birnin Ƙonni, sannan ya shafe shekara ashirin da uku yana aikin gidan waya. A 1974 ya auri Zalika, wadda ta riga shi rasuwa a 2003.

Aikin Rediyo

Bayan hukuma ta halatta wa jama'a mallakar tashoshi, shi da abokansa biyu suka kafa wata 'yar ƙaramar rediyo a Ƙonni a 2001. Shi ya ɗauki sanarwar rasuwa, kowace safiya yakan karanta sunan mamaci da na mahaifinsa da unguwarsa da lokacin jana'iza, sau uku, a tsanake, domin mutanen Bazaga da Illela su samu ɗaura amalanken jaki su iso kafin a yi salla. Abokai kan tsokane shi da cewa muryarsa ba ta taɓa kawo labarin biki ba, shi kuwa yakan amsa: "Wanda ba a hwaɗi sunanai ba, wa za ya tahi ya raka shi?"

Sayar da Tasha

A 2006 wani babban kamfani na Yamai, wanda ya riga ya saye tashoshi da dama, ya taya tasu. Abokan suka sallama, shi ya ƙi, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Aka koma watso shirye-shirye duka daga Yamai, sanarwa kuma sai an tara ta mako guda. Aka sallame shi. Ya koma Tsarnawa ya zauna shi kaɗai cikin kewa, akwatin rediyonsa a rufe, masu kawo masa takardun sanarwa suka ɗauke ƙafa.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa ranar Litinin, 9 ga Maris 2009. Ɗansa Hamza ya kai sanarwa tashar da safe, ya tarar da maigadi kawai, ya bar masa takardar. Mutum goma sha ɗaya suka sallace shi, aka binne shi a Tsarnawa.

Ya bar 'ya'ya uku: Hamza, da Attahiru, da Mansura da ke aure a Illela, wadda ba ta ji rasuwar ba sai ranar Juma'a, da aka karanta sunansa daga Yamai, sau ɗaya. Allah ya jiƙansa.