Ruwan Ɗakin Inna

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Baba Sifana ake ce masa, saboda wata ƙatuwar sifana mai jan hannu da ba ta rabuwa da shi tun yana saurayi a ma'aikatar ruwa. A can ya koyi aiki, a zamanin da bututu ƙarfe ne, mutum biyu ke ɗaukarsa a kafaɗa, a danne shi a kan teburi, a yanka da zarto, a fitar masa da zare, wato tsagar da ake murɗawa, a baki ana ɗiga mai. Wanda ya koya masa aikin bai san wani abu wai shi kusan daidai ba. Idan layi ya karkace ko da faɗin farce ne, sai a kwance a sake. A haka Baba Sifana ya tashi, a haka kuma ya tsufa. Har yau akwai gidajen da in ka zaga bayansu za ka ga aikinsa a jikin bango, a miƙe kamar da rula aka ja, fenti ya ɓare amma mahaɗa ba ta ɗiga.

Gidansa kuwa famfo ɗaya ne a tsakar gida, banɗaki kuma yana can ƙurya. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna har shi kansa, ta sha yi masa gori cewa ya shayar da rabin gari ya bar ta da bokiti. Yakan ce sai ya yi ritaya. Da ya yi ritayar, sai ya koma cewa sai bayan damina.

Ana nan ciwo ya kama Inna, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Ƙaramar 'yarsu, Auta, ta baro gidan mijinta ta dawo jinya. Ita ke tallabar uwar zuwa banɗaki, ita ke mata wanka. Inna mace ce mai kunya, wadda ko 'ya'yanta ba su cika ganin kanta ba ɗankwali ba. Duk lokacin da aka ratsa tsakar gida da ita, sai ta rufe ido har a isa.

Baba Sifana ne ya fara lura cewa kofin da ke gefen gadonta a cike yake yini. Ta daina shan ruwa don kada a riƙa ɗaukarta. Likita ya ce in ta ci gaba da haka, ƙodarta ba za ta jure ba. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ta ce ba ta jin ƙishi.

Akwai wani ɗan ɗakin ajiya da ke manne da nata. Baba Sifana ya sa magini ya fasa ƙofa tsakaninsu, ya kafa masai, ya fitar da magudana. Ruwa kuwa ya ce ba mai ja sai shi. Amma da ya ɗauko tsoffin kayan aikinsa, ya tarar hannun ya daina yi masa biyayya. Ya kasa ko juya abin yankan zaren. Ya daɗe zaune a kan benci yana kallon tafukansa.

Auta ce ta je kasuwa ta dawo da bututun roba a naɗe kamar igiyar rijiya, ta riƙo shi da hannu ɗaya. Uban ya dube shi ya ce ai wannan tiyon ban ruwan lambu ne. Ta ce shi ake yayi yanzu, ba zare, ba gwiwa a kowace kwana, kuma mai shagon ya ce kada a ja shi ya yi tsauri, a bar masa ɗan sako-sako.

"Shi mai shagon ya taɓa haɗa ruwa," in ji shi, "ko sayarwa kaɗai ya iya?"

"Baba, ni dai saƙo aka ba ni."

Ya shimfiɗa robar a rana tsaka har ta yi laushi ta miƙe. Ya buga igiyar awo a bango, ya ja bututun iya ƙarfinsa, ya yanka daidai ba ragi ba ƙari, ya jera maƙalai kusa-kusa ya danne su da ƙusa yadda ko motsi ba zai yi ba. Da ya ja da baya ya duba, layin ya fita tsaf kamar na ƙarfe. Ya saki ruwa, ya bi kowace mahaɗa da yatsa, babu ko danshi. Ranar har ɗan waƙe-waƙe aka ji yana yi.

Da sanyin asuba robar ta tsuke, ta zare kanta daga mahaɗar da ke shiga sabon banɗakin. Ruwa ya cika ƙasa, ya bi ta sabuwar ƙofa ya shiga ɗakin Inna. Idonta biyu. Tana kallo tabarma ta jiƙe, takalmanta suka fara yawo, ta yi kira amma muryar ba ta wuce bakin gado ba. Kafin Auta ta shigo, ruwa ya taɓa gefen zanen gadon. Dole aka kira matan maƙwabta biyu, suka ciccibi Inna zuwa tsakar gida, aka ajiye ta a kujera kowa na kai da komowa a gabanta.

Baba Sifana ya kashe ruwan ya tsuguna a wurin mahaɗar. Abin da ya rage bututun ya kai mahaɗar bai wuce gaɓar yatsa ba. Ya san ƙarfe ma yana numfashi da zafi da sanyi, amma kaɗan ne, bai taɓa hana shi barci ba. Da ya fito, Inna ta yafito shi da hannun hagu. Ya sunkuya, ta haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Baban Auta, bar shi. Bokitin bai kashe ni ba."

Ya miƙe. Ya canza riga ya tafi shagon da ƙafarsa, ya tsaya a gaban mai shagon, wanda bai kai babban ɗansa shekaru ba, ya ce a nuna masa daga farko. Washegari da safe, kafin rana ta yi zafi, ya cire maƙalan nan duka. Ya sa sabon bututu, ya bar shi yana ɗan lilo tsakanin maƙali da maƙali, a kwana kuma ya lanƙwasa shi a hankali. Aikin ya fito kamar sawun maciji a yashi. Wani tsohon abokin aikinsa da ya zo duba Inna ya tsaya yana kallon bangon, ya ce, "Sifana, ido ne ya tafi ko hannu?" Baba Sifana ya ce masa duka biyun, ya wuce ciki kawai.

Bai yarda a yi amfani da shi nan take ba. Ya bar shi ya sha rana ya sha sanyi na wasu kwanaki, kullum yana shafa mahaɗar. Kan famfon ma ya canza, ya sa irin wanda ake turawa da gefen hannu, ya saukar da shi ƙasa-ƙasa a ɓangaren hagu, ya kafa ƙarfen dafawa tun daga bakin gadonta.

Ranar da ya ce aikin ya yi, Inna ta dafa ƙarfen nan tana jan ƙafa, Auta na biye da ita, hannu a buɗe, ba ta taɓa ta ba. Ta zauna a kujerar roba da aka ajiye mata a banɗakin, ta tura famfon, ruwa ya zubo mata a cinya. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗago ta dubi mijin da 'yar.

"To, ku fita mana."

Auta ta jawo ƙofar. Suka tsaya a ɗakin su biyu, suna jin ruwa na zuba yana tsayawa, yana zuba yana tsayawa. Can Baba Sifana ya ɗauki kofin da ke gefen gado, ya ce wa Auta ta zubar da wannan ta kawo sabo, in Inna ta fito za ta nema.