Akurkin da Rafkat Ya Toshe

Rafkat, ƙanin marigayi mijina, ya shekara talatin yana gina gidajen katako a ƙauyenmu, amma bai taɓa kiwon kaza ba. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka ya gina mini akurki, ya toshe kowace kafa da yumɓu kamar ɗakin mutum.

Na ce, "Bar ƙofar iska a sama danshi ya fita."

Ya ce, "Yaya Minzifa, kajin naki sigari suke sha?"

Da sanyi ya tsananta, tururin numfashinsu ya jiƙa su, shida cikin goman da nake dogaro da ƙwansu suka daskare. Ina idar da sallar asuba na ɗauki gatari na fasa bangon, ina istigfari. Har yau bai ba ni haƙuri ba.