Ranar Da Magariba Ta Ƙi Zuwa

A cikin azumin shekarar 1984, wata rana bayan an sha ruwa, muna saman soron gidanmu a unguwar Hindawiyya ta Jidda Baba ya hawo da wata takarda mai ƙyalli a hammata. Ina da shekara goma. Na gama yayyafa wa daɓen siminti ruwa ke nan, aikina na kullum, don ya huce kafin a shimfiɗa tabarmi, tururi na tashi daga ƙasa kamar an buɗe tukunyar dambu. Baba ya zauna ya baje takardar tsakanin kwanon kunu da farantin dabino. Hoton wani farin jirgin ruwa ne, ya fi duk gidajen layinmu tsawo, yana ratsa tsakanin wasu duwatsu kore shar. Ya ce bayan salla can za mu, ƙasar Norway, mu yi kwanaki a cikin jirgin nan yana bin gaɓar teku da mu zuwa arewa. Umma ta saki ludayi. Ni da ƙanena Nasir muka hau tsalle, alhali ko sunan ƙasar ba mu iya faɗa ba.

Baba haifaffen Jidda ne, yana aiki a tashar jiragen ruwa, kuma ta nan ya samo wannan tafiya. Amma ba don mu ya shirya ta ba, don mahaifiyarsa ce, wadda muke kira Sitti yadda yaran Hijaz ke kiran kakarsu. Tana yarinya ta baro ƙasar Hausa da iyayenta a ƙafa, suka ratso Sudan, suka ƙetaro Bahar Maliya a wani kwalekwalen katako, a cushe kamar goro a huhu. Tun daga ranar ba ta ƙara taka abin da ke yawo a kan ruwa ba. Baba ya ɗauki alkawari sai ta shiga jirgin da ke da gado da matashin kai. A daren ya gaya mana babban abin kallon tafiyar, wai akwai wurin da rana ba ta faɗuwa. Sitti ta yi dariya har ƙwalla ta zubo mata. "Ɗan nan," in ji ta, "Turawan tasharku sun maishe ka abin wasa."

Kalma ɗaya ce ta cuce mu a shirin tafiyar. Umma ta tambayi Baba irin tufafin da za a ɗauka, ya ce ai sef ne a can, wato lokacin zafi. Mu kuwa a Jidda mun san sef. Shi ne lokacin da kwalta ke kama takalmi, riga ta manne a baya tun kafin ka isa bakin layi, mu yara mu bar ƙwallo da ɓuya sai bayan la'asar. Ba wanda ya tsaya tunanin ko sef ɗin wasu ya bambanta da namu, har shi Baban da ke hulɗa da matuƙan jirage kullum. Umma ta ja ni kasuwar Bab Makka muka sayo yadi mai shara-shara, da silifas, da laimomi don kare rana. Ta ƙulla yaji da daddawa da garin kunu, ta sa buta biyu. Sitti ta ƙara da maficinta na kaba. Maƙwabta suka yi ta shigowa sallama, kowa na ba da shawarar mu riƙa shan ruwa da yawa kada zafin teku ya kayar da mu.

Rana ba ta ƙarya. Muka hau jirgin sama, muka sauya wani, muka sauka a garin Bergen inda jirgin ruwan ke jira. Ƙofar filin jirgi na buɗewa wata iska ta mare ni, na ɗauka wani ne ya manta firij a buɗe. Sai na ga babu firij, garin ne haka. Ruwa na zuba siriri, sama ta yi toka-toka, yatsun ƙafata a cikin silifas suka daina ji. Nasir ya fashe da kuka. Umma ta juya ta dubi Baba, irin duban da ba ya buƙatar magana, sannan ta ce, "Wannan ne sef ɗin naka?" Baba ya sosa ƙeya ya ce yalla mu shiga mota. Laimomin rana dai sun yi amfani, ko da yake ba aikin da aka saye su dominsa ba. Da muka shiga jirgin kowa ya yaye bargon gadonsa ya yafa, haka muka riƙa yawo kamar masu zazzaɓi, sai a tsayawa ta gaba Baba ya sayo mana rigunan ulu masu kauri da ke warin rago.

A Jidda ruwan sama baƙo ne. Ran da ya zo akan tashe mu daga makaranta, mu cika lungu muna tsalle da baki a buɗe, tsofaffi kuma su ɗaga hannu, don an ce addu'a ba ta faɗuwa ƙasa lokacin saukar ruwa. Haka muka yi a ranar farko a saman jirgi. Ni da Nasir muka yi ta zagaye muna ihu, Sitti ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga hannu tana jero sunaye. Ruwa bai tsaya ba. Washegari ma yana nan, jibi ma haka. Daga baya na iske ta zaune ta naɗe hannu cikin bargo, na ce Sitti ana ruwa fa. Ta ce, "Na yi wa kowa addu'a, har akuyar maƙwabta na sa. Su bar ni in huta." Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tsofaffin Turawa da ke jere a kujeru a waje, ruwa na dukansu, suna murmushi. Na kasa gane yadda mutum zai baro ɗakinsa mai ɗumi ya zo a jiƙa shi, kuma ya kira abin hutu.

Duk da haka mun ji daɗi, kada in yi wa tafiyar butulci. Ban taɓa ganin ruwa na faɗowa daga kan dutse ba sai a can, fari fat, ba wanda ya tara ko bokiti. Ni da na saba bin motar ruwa da jarka, abin ya tsaya min a rai. Ga ƙananan gidaje jajaye a gindin duwatsu, ga tumaki a inda ko akuya ba za ta yarda ta hau ba. A ɗakin cin abinci an jera kifi iri-iri, wani ma ɗanye, duk sanyi ƙalau kuma babu ko ƙamshin barkono. Umma takan zaro ƙullin yaji daga jaka ta barbaɗa mana a ɓoye. Wani tsoho da ke teburin kusa ya roƙi a ɗanɗana masa, ya yi ta tari fuskarsa ta yi jawur, gobe kuma ya sake miƙo farantinsa.

Abin da ba mu lura da shi ba, kullum jirgi ya ƙara arewa dare na ƙara gajarta. Mu yara barci kan kwashe mu da sauran haske. Sitti kuwa ta yi azumin Sitta Shawwal a gida saura ɗaya, jirin teku ya hana ta cikawa a kwanakin farko. Ran da ta ji ƙarfi ta tashi cikin ɗan duhun da ya rage, ta dama kunu da ruwan zafi, ta ɗauki niyya ba ta gaya wa kowa ba, don ta san Baba zai hana ta saboda ciwon sukarinta. Da hantsi aka yi shela wai jirgi ya ƙetare wani layi a teku, layin da ba a gani. Ma'aikata suka fito da tukunyar ƙanƙara suna zuba wa mutane a ƙeya ana tafi. Umma ta ce lallai waɗannan mutane sanyi ya taɓa musu kai. Baba kuwa murna yake, ya ce daga yau babu sauran dare sai mun juyo.

Da aka kaɗa ƙararrawar abincin yamma Sitti ta ce mu je, ita sai an yi magariba. Nan ne asiri ya tonu. Na ga fuskar Baba ta sauya. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Ya Ummi, wallahi ma fi magrib, babu magariba a nan. Rana ba za ta faɗi ba, yau ko gobe ko jibi." Ta dubi taga. Gajimare ya rufe ranar, amma haske na nan kamar na bayan azahar, bai ko karkata ba. Ta ce to za ta jira. Baba ya nuna mata agogonsa da bai sauya ba tun Jidda, ya ce malamai sun ce a irin wannan wuri lokacin Makka ake bi, kuma ita matafiya ce, azumin ma na nafila ne. Ta ture hannunsa. "Agogo ne ya halicci rana? Tun da na yi wayo ban taɓa kai ruwa bakina da rana a sama ba. Ba zan fara a kan tekun Turawa ba."

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Gumi na tsattsafo wa Sitti a goshi cikin wannan sanyi, maganarta ta fara ja. Umma ta riƙe kofin shayi mai sukari tana roƙo tana kuka. Likitan jirgi ya zo ya duba ta, ya gaya wa Baba magana da Turanci, ban ji ba amma na ga yadda ya girgiza kai. Ni kuwa na manne a taga ina roƙon Allah ya kawo duhu ko kaɗan ne. A Jidda ban taɓa roƙon dare ba, shi ke zuwa da kansa ya kore mu daga wasa.

Baba ya sake duban agogonsa, sai ya miƙe da gudu. Jim kaɗan ya dawo, shi da Umma suka tallabi Sitti, muka hau matakala zuwa wani ɗan ɗaki cike da na'urori inda ake kiran waya daga teku. A unguwarmu kantin Ammi Salim, wani Bahadrame ɗan ƙasar Yaman da ke jin Hausa kamar jakin Kano, shi ke da tarho, kuma bangonsa ɗaya da masallacinmu. Mai na'urar ya yi ta murɗe-murɗe, layi na ƙara yana yankewa, Baba na ta taka ƙasa. Da ƙyar aka samu. Baba ya yi magana da sauri cikin Larabci, sannan ya kara wa Sitti wayar a kunne. Ɗakin ya yi tsit, har ni ina jiyo muryar.

"Salim," in ji ta a hankali, "duhu ya yi a gida?"

"Ya yi tun ɗazu, ya Hajja. An yi magrib, an ci abinci, halas. Ga Malam Isa nan zai kira isha. Tsaya ki ji."

Ammi Salim ya miƙa kan wayar waje. Muka ji hayaniyar yaran layinmu, da hon ɗin wata mota, sai ga tarin nan biyu da Malam Isa ladan yakan yi a lasifika kafin ya fara. Sannan kiran salla ya taso, siriri, yana zuwa yana ɓacewa. Sitti ta runtse ido tana amsawa. Da aka gama ta buɗe ido ta dubi ƙaramar tagar ɗakin, haske na nan yadda yake, ruwa na gangara a gilashi. Sai na ga abin ya buge ta. "Innalillahi," ta ce, "ashe magariba ta wuce ni ina zaune ina jiranta." Ta karɓi kofin daga hannun Umma, shayin ya riga ya huce, ta yi bisimilla ta shanye. Ba ta yarda ta ci komai ba sai da ta rama sallarta.

Sauran kwanakin ta karɓe agogon Baba ta ɗaura a nata hannu, yana mata yawa, tana tura shi sama har gwiwar hannu. Da gajimare ya yaye wani lokaci, aka fito kallon ranar da ta sauko dab da ruwa ta fasa shiga ta sake hawa, Turawa na ɗaukar hoto. Sitti ta daɗe tana kallo. Sai da muka koma ɗaki ta ce wa Baba gani ya kori ji, ya yafe mata dariyar da ta yi masa. Da muka dawo Hindawiyya kuwa, duk wadda ta zo barka da sauka sai ta ji labarin ƙasar da Allah bai raba wa dare ba, kuma yawancinsu sun tafi suna cewa tsufa ya fara taɓa Hajiya.

Yanzu ina da waya a jaka da ke kiran salla duk inda na sa ƙafa, ba ta kuskure, ba ta tari. 'Ya'yana sun je ƙasashen sanyi karatu, sun san rigar da za su ɗauka tun kafin su tashi, ba abin da ke ba su mamaki. Sitti ta rasu, Malam Isa ma haka, kantin Ammi Salim ya zama wurin gyaran mota. Amma har gobe in na kira yaran da yamma, nakan ji suna tambayar lafiyata da ta gida, ina ta jiran ɗayansu ya tambaye ni ko duhu ya yi. Ba wanda ya taɓa tambaya, ni dai nakan gaya musu.