Irin Na Cikin Kindirmo

Inna Larai ta tsufa da ƙwaryar nono a ka, daga ƙauyensu na bayan Taura zuwa kasuwar Jahun. 'Ya'yanta kaf da fura da kindirmo ta raine su, ba wanda ya taɓa kwana a asibiti. Da gwiwa ta ƙi, sai autarta Ruwaida, mai koyarwa a Dutse, ta ɗauko ta zuwa gidanta a unguwar Takur don ta riƙa kula mata da jaririnta, Ziyad.

Yaron nan ya sha wuya, ya kuma ba mutane wuya. Ruwan nonon uwar ya ƙafe da wuri, aka sa masa madarar gwangwani, sai ƙuraje, sai amai, sai zawo har da jini. Kuka kam ba a magana. Likita ta ce jikinsa ba ya karɓar madarar shanu, ta rubuta wata ta musamman. Inna Larai na zaune likitar ta ƙara da cewa madarar tana da wasu ƙwayoyin halitta masu gyara ciki, irin na cikin kindirmo.

To, maganar da ta zauna wa tsohuwa a rai ke nan. Sabuwar madarar ga ɗaci ga wari, yaro na ture fida, yana ta ramewa a hannunta. Ita kuwa a saninta madara daban, kindirmo daban. Madara ita ce wadda aka tatso yanzu, ba ta kwana ba. Wa ya hana kindirmo? Ranar da lallashi ya ishe ta, ta sa aka sayo mata mai kyau, ta ba shi a cokali. Ya shanye kuwa, har da tanɗe baki.

Kafin la'asar fuska ta kumbura, numfashi na fita da ƙyar. Ruwaida na dawowa daga makaranta ta sure shi sai asibiti.

Ya rayu, alhamdulillahi. Ruwaida ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, "Inna, kin gaji. Ki je gida ki huta, Karima maƙwabciyarmu za ta riƙa riƙe shi."

Ta gaji ɗin, wallahi. A tasha Ziyad ya miƙo hannu daga bayan uwarsa yana ɓangale baki. Inna Larai ta ɗago nata, sai ta tuna da safe ta dama fura da nono. Ta mayar da hannuwan cikin mayafi, ta ce, "Allah ya raya," ta shiga mota.