Tomekichi Mai Awara

Tomekichi ƙanen kakata ne, autan gidansu, ɗan masunta daga wani ƙauye a gaɓar teku. Shekarar da aka fara yaƙi da Rasha aka ɗauke shi soja. Kafin jirgin ruwa ya kwashe su zuwa Manchuriya, sai aka rarraba su gidajen mutane a Hiroshima. Shi ya faɗa gidan wani tsoho mai awara, Baba Genzo, wanda ke zaune da 'yarsa Shige.

Ranar farko ya kama dutsen niƙa zai taya su aiki, dutsen ya ƙi juyawa.

Shige ta ce, "Kai soja, haka za ka yaƙi Rasha? Waken suya ma ya gagare ka."

"Ni kifi na sani," in ji shi.

"Ai tun daga ƙofa na ji ƙarnin."

Ya yi dariya har ya saki dutsen. Daga nan kullum ya dawo atisaye sai ya tuɓe riga ya hau niƙa, tana zuba wake tana tsokanarsa. Ranar tafiya ya durƙusa gaban tsohon ya nemi aurenta. Genzo ya ce, "Ka dawo da ranka tukuna." Shige ta cusa masa dunƙulen shinkafa a aljihu, ta ruga ciki.

A Manchuriya abokansa suka yi ta zubewa, wasu harsashi, wasu sanyi. Shi ko ƙwarzane bai samu ba. Da aka yi sulhu bai ko biya ta ƙauyensu ba, ya miƙe gidan awara.

Ya tarar da tsohon shi kaɗai a bakin murhu. Ashe Shige ta shiga aikin wankin kayan sojoji marasa lafiya, wai ko ta ji labarin Tomekichi a bakin waɗanda aka dawo da su. Can ta kwashi taifot, ta rasu tun kafin damina.

Genzo ya ce, "Kai na ce ka dawo da rai. Ita ban ce mata komai ba."

Tomekichi bai koma ƙauye ba. Aka turo kakata ta lallashe shi, ya ce, "Yaya, in na tafi wa zai ɗebo wa tsohon nan ruwa?" Shi ya yi jinyar Genzo har ya rasu, ya ci gaba da sayar da awara har tsufa, bai taɓa aure ba. Mu yara in mun tambaye shi labarin yaƙi, sai ya ce, "Akwai sanyi."

Da ya rasu aka ƙona gawarsa bisa al'ada, dangi suka kai tokarsa kabarin gidanmu a ƙauye, ba kusa da Shige ba, tunda ba a ɗaura musu aure ba. Kakata ta yi ta kuka tana cewa ba nan ya so ba. Ba wanda ya saurare ta.